Inna Huseina da Sunan 'Yar Farinta

Duk wanda ya zauna a Dutse a shekarun farko bayan an ba mu jiha ya sha nonon Inna Huseina, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Doguwar mace ce siririya, mai wushirya, maganarta ba ta wuce gaisuwa da ciniki. Da hantsi take sauka daga a-kori-kura a bakin kasuwa, ƙwarya a ka, ta bi gidajen ma'aikatan da aka kwaso daga Kano suna ta ƙorafin babu ruwa babu wuta. Ba ta taɓa surka nononta da ruwa ba, ba ta kuma taɓa taka ƙofar aji ba. Amma duk ranar da aka zauna ana lissafin matan da suka buɗe wa 'ya'yan Jigawa hanyar jami'a, ni Mashkura da ita nake farawa, wanda zai ji haushi ya ji.

A wata ruga tsakanin Shuwarin da Kiyawa aka haife ta, a nan kuma ta auri ɗan baffanta Jaji. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Zakiyya. Mu Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma kunyarmu wasa ce idan aka gwada da ta mutanen rugar nan. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta cewa “'yata”. Ko kuka yarinyar take, sai dai kaka ko gwaggo ta ɗauka. Macen da ta saɓa wannan sai a ce ba ta da filako, kuma zagin ba a kanta kaɗai zai tsaya ba, har uwar da ta haife ta sai ya taɓa. Inna Huseina ta riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Ana yaye Zakiyya, yayar Jaji mai suna Lauratu, wadda take aure a unguwar Yalwawa cikin Dutse ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita riƙo.

Gidanmu da na Gwaggo Lauratu katanga ɗaya ce, don haka tare muka tashi da Zakiyya, tare aka sa mu firamare. Lauratu take kira Inna. Wadda ta haife ta kuwa Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Kullum in Inna Huseina ta gama zagayenta sai ta biyo ta gidan, ta sauke ƙwarya, ta fito da wani ɗan ƙoƙo da ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, kindirmo ne mai kauri da ba ta sayar wa kowa. Sai ta miƙa wa Lauratu tana kallon bango ta ce, “A ba yaran gida.” Yaran gida kuwa mutum ɗaya ce tak, tana zaune a gabanta. Idan dole ta kama sai ta ambace ta, “ta Yalwawa” take cewa. Muna yara abin dariya yake ba mu, har nakan tsokani Zakiyya in ce Addarta ta manta sunanta.

Muna sakandare Jaji ya kwanta ciwon ajali, ya bar Inna Huseina da yara maza biyu da shanunta na gado da na sadaki. Maganar gida ta koma hannun wansa, Baffa Abdulbaƙi. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai magana ɗaya, irin wanda in ya ce a'a ko shi kansa ba ya iya janyewa.

Da sakamakonmu ya fito muka sami gurbi a jami'a, ni da Zakiyya, sai hankalin kowa ya tashi. Lokacin Dutse ba ta da jami'a, sai an fita jihar, tafiyar sa'o'i a mota. Matan da suka riga mu zuwa daga wannan yanki ba su cika yatsun hannu ba, kuma duk 'ya'yan manyan ma'aikata ne. Daga ruga kuwa ba a taɓa yi ba. Gwaggo Lauratu ta yi ta safa da marwa tsakanin Yalwawa da ruga har takalminta ya tsinke, kafin Baffa ya ce sai ya gani da idonsa. Ya hau mota da sandarsa ya je har hostal ɗin mata. Ya zagaya katangar yana ƙwanƙwasa ta da sanda, ya duba kwalaben da aka dasa a kanta, ya tsaya ya ƙare wa mai gadi kallo har tsohon ya tsargu. Sannan ya ce da Lauratu, “Na yarda, saboda katangar nan. Ranar da ta rasa wurin kwana a cikinta, ranar ta gama boko.”

Kowa ya ji wannan magana, kuma kowa ya san ba za a sake ta ba. Saboda haka gadon Zakiyya na hostal ya zama shi ne karatunta. Wasu 'yan mata in sun rasa gado sukan kama haya a bayan makaranta ko su zauna gidan dangi. Ita ba ta da wannan. Ɗakin mutum huɗu mu takwas ne a ciki, ruwa sai an yi layi tun asuba, sauro kuwa ba a magana. Yajin aiki ya sha koro mu gida, shekarar karatu ɗaya ta zama biyu. Zakiyya ba ta taɓa ƙorafi ba, kimiyya take karantawa don ta dawo ta koyar da 'yan mata. Duk dawowarmu hutu, in za mu koma, sai mun tarar da kwalbar man shanu a cikin kayanta. In an tambaya sai Lauratu ta ce, “Wata ce ta ce a ba ɗiyata.”

Muna shekarar ƙarshe aka ƙaddamar da shari'a. Mu ma mun yi murna, mun yi kabbara tare da kowa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda wasu, da ba su taɓa gyara ko mudunsu na awo ba, suka ga babu abin gyara a duniya sai 'yan matan jami'a. A tasha mu ne, a majalisar masu shayi mu ne, a gidan suna mu ne. Hukumar makaranta ta tsorata da surutu, ta kafa doka: duk wadda ta kwana a waje ba da izinin mai kula da hostal ba, za ta gurfana gaban kwamiti tare da uwarta ko ubanta, in bayani bai gamsar ba a karɓe gadon. Wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari. Wasu 'yan matan da suka san ba su da gaskiya sai suka koma ɗauko iyayen haya daga kasuwa, a sa wa mai sayar da daddawa mayafi mai kyau ta zo ta yi rantsuwa. Kwamiti ya gano, ya zama kowace tsohuwa ta shigo kallon 'yar haya ake yi mata.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, wani direban Dutse ya tsaya a bakin ƙofa ya aiko a kira Zakiyya. Ya ce Lauratu ce jiki ya yi tsanani, an ce in tana son ta same ta da rai ta biyo shi yanzu. Ofishin Hajiya Ikilima, mai kula da hostal, a kulle yake, ba za a buɗe ba sai Litinin. Wa zai tsaya neman izini? Ta zari mayafi ta shiga mota. Ta sami Lauratu da sauran numfashi, a cinyarta ta cika. Ranar Litinin ni na je na shaida wa Hajiya Ikilima, na kuma faɗa kamar yadda kowa a Yalwawa yake faɗa, cewa uwar Zakiyya ta rasu. Sai bayan sadakar bakwai ta dawo, idonta a kumbure, ta tarar ana jiranta. Hajiya Ikilima ta yi mata ta'aziyya, ta ce doka doka ce, ta zo da babanta. Zakiyya ta ce ya rasu. Ta ce to wa ya rage? Zakiyya ta ce uwarta. Na ga yadda Hajiya ta ɗago kai ta dube ta, sai na tuna ni da bakina na ce mata uwar ta rasu.

Baffa ba ya kawuwa. In ya ji kalmar “kwana a waje” ko ƙarshen zancen ba zai saurara ba. Mijin Lauratu ya riga ta rasuwa. Saura Inna Huseina. Muka taho gida ni da Zakiyya, na tare Inna Huseina a bakin kasuwar Dutse na yi mata bayani, ta saurara har na gama. Washegari ta bar wa wata maƙwabciyarta ƙwaryar nono, ta sa zanen da take zuwa biki da shi, ta biyo mu. A mota Zakiyya na gaba, mu muna baya. Na yi ta nanata mata, “Inna, za su tambaye ki ko 'yarki ce. Za su ce ki faɗi sunanta. Sau ɗaya ne kawai, daga mu sai su.” Ita dai tana kallon gonakin gero ta taga tana cewa, “Allah ya kawo sauƙi.” Ni da wautata na ɗauka amsa ce. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutum uku ne a kwamitin: Hajiya Ikilima, da wata malama, da shugabansu Malam Mailafiya. Ni ma aka bar ni na shiga a matsayin shaida. Inna Huseina ta ƙi hawa kujera, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta juya wa Zakiyya gefe kamar yadda ta saba.

Malam Mailafiya ya ce da Zakiyya, “An ce mana uwarki ta rasu. Wannan kuma wace ce?”

Zakiyya ta ce, “Wadda ta rasu gwaggona ce, ita ta riƙe ni. Wannan ita ta haife ni.” Ta juya ta ce, “Adda, ki yi musu bayani.”

Malamar nan ta ce, “Adda kuma? Uwar taki kike ce wa Adda?”

Malam Mailafiya ya ɗaga mata hannu, ya sassauta murya ya ce, “Baiwar Allah, sannu da hanya. Wannan yarinyar 'yarki ce?”

Inna Huseina ta ja mayafi ta rufe baki. Tana kallon siminti ta ce, “Ɗiyar Lauratu ce.”

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Na ce, “Malam, 'yar fari ce, kunya take ji.” Ya ce in yi shiru ba a zo kaina ba. Sannan ya ce, “Ni ma kakata Bafulatana ce, ba yau na fara jin kunyar ɗan fari ba. Amma makon jiya a wurin nan wata ta zauna, da muka ce ta faɗi sunan yarinya ta ce kunya, ashe mantawa ta yi, a bakin kasuwa aka ɗauko ta. Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karatun yarinyar nan yana bakinki. Ki faɗi sunanta sau ɗaya, mu sallame ku.”

Ina kusa da ita, na ga komai. Ta sauke mayafin daga bakinta. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi yana bin hancinta. Shekara ashirin da ɗoriya harshenta bai taɓa juya sunan nan ba, ga baƙon namiji, ga yarinyar a zaune tana kallonta. Zakiyya ta durƙusa ta ce, “Adda, don Allah. Don darajar Inna da ke kabari.” Abin da Inna Huseina ta iya fitarwa, da wata murya ƙasa-ƙasa, shi ne, “Ta Yalwawa ce.”

Malam Mailafiya ya rufe biro ɗinsa. Suka ce yarinya ta kwana a waje, ta yi ƙaryar mutuwar uwa, ta kuma kawo uwar haya. Saboda tana shekarar ƙarshe ba za su kore ta daga karatu ba, amma ta kwashe kayanta daga hostal. A ganinsu sassauci suka yi.

Katifa ba ta ɓoyuwa. Da Zakiyya ta sauka a ruga da ita a naɗe da bokiti da risho, ana tsakiyar zangon karatu, Baffa bai ko tambayi dalili ba. Ya ce, “Na faɗa tun farko.” Ni na bi su don in roƙe shi, na durƙusa na yi rantsuwa da abin da zai kashe ni, ya ce in gaida babana. Jarrabawar ƙarshe saura 'yan watanni. Shekarun nan duka, da layin ruwa, da yajin aiki, da takalmin Lauratu, duk sun tafi a banza saboda kalma ɗaya. Na ji haushin Inna Huseina a ranar, haushi mai tsanani, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar shanu suka dawo, ta fita tatsa kamar kullum, tana kiran kowace saniya da sunanta, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Zakiyya ta fito daga bukka ta tsaya a kanta. Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga wa wani babba murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. A hankali ta ce, “Adda, shanunki ma kina kiran sunansu.” Ta juya ta koma ciki. Hannun Inna Huseina ya tsaya a kan hantsar saniya, nono yana ɗiga a ƙasa ba a ƙwarya ba. Ni na kama hanyar Dutse, washegari na koma makaranta ni kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka ina dawowa daga lacca, na tarar da cincirindon 'yan mata a gaban ofishin Hajiya Ikilima. Na kutsa. Inna Huseina ce a tsaye, ita kaɗai ta zo, matar da ba ta san ko sunan tashar da ake sauka ba. Ƙafafunta sun yi futu-futu, ashe daga tasha a ƙasa ta tako tana tambaya. Mai gadi yana cewa ta fita, ba ta ko san yana yi ba. Da Hajiya Ikilima ta leƙo, sai Inna Huseina ta yaye mayafinta daga ka, a gaban mai gadi, a gaban 'yan mata sun fi hamsin, ta ɗaga murya ta ce:

“Zakiyya! Sunanta Zakiyya! Ni na haife ta, da damina, a bukkar uwata. Kwana biyu ina naƙuda. Tana da tabon wuta a ƙafar hagu, ina kallo ta taka garwashi ban ɗauke ta ba don akwai mutane. Zakiyya 'yata ce. Zakiyya!”

Ta yi ta maimaitawa kamar wadda aka kwance wa ɗaurin baki, muryarta tana fashewa, hawaye yana zuba ba ta share ba. 'Yan matan da suka taru don kallon dariya duk suka yi tsit. Na je na riƙe ta. Hajiya Ikilima ta shigar da mu ofis, ta ba ta ruwa, ita ma idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Inna, na yarda. Wallahi na yarda. Amma gadon an ba wata tun washegari, masu jira sun fi ɗari. Kwamiti kuma ba zai sake zama kan wannan magana ba sai shekara mai zuwa.” Na ce shekara mai zuwa ai an gama jarrabawa. Ta ce ta sani. Ihu ne bayan hari, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na raka ta tasha. Ba ta yi kuka a hanya ba, ta mayar da mayafinta ta rufe har goshi. Sai da za ta shiga mota ta tambaye ni, “Waɗanda ba su da gado, ina suke kwana?” Na nuna mata ƙauyen da ke bayan katangar makaranta. Ta dube shi da kyau, ta ce in gaida mutanen ɗaki.

Abin da ya faru a ruga ƙanin Zakiyya ne ya ba ni labari daga baya. Inna Huseina ba ta taɓa yi wa wan mijinta magana ido da ido ba. Ta je ta durƙusa a bayan zana, Baffa yana daga ciki a kan buzu, ta ce, “A gaya wa Baffan yara, in babu katanga akwai uwa. Zan bi ta in zauna da ita har ta gama.”

Baffa ya ce, “Shanun fa? Ba a kora shanu birni. In kin tafi matan 'ya'yana za su riƙa tatsa, kuma in rani ya yi da garkena za su yi kudu. Ba zan raba garke saboda boko ba.”

Ya faɗi haka ne don ya san babu macen ruga da za ta bar shanunta. Su ne abincinta, su ne mutuncinta, su ne abin da ubanta ya bar mata. Ta ce, “An ji.” Ta tashi ta ɗauki ƙwarya ɗaya da tabarma da buta. Baffa mai magana ɗaya ne, bai hana ba, bai kuma sa albarka ba.

Ɗakin da muka samar musu a ƙauyen nan na ƙasa ne, rufin kwano ya tsufa, in ana ruwa sai an tara kwanuka. Ranar farko Inna Huseina ta ɗaura igiya daga bango zuwa bango ta rataya zanenta na biki, ta raba ɗakin biyu. Zakiyya da fitilarta da littattafanta a ciki, ita a bakin ƙofa. Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido. Da safe takan je wurin Fulanin da ke kawo nono bakin titi ta sara, ta zauna a ƙofar hostal ɗin da aka kori 'yarta tana sayarwa. Matar da ta yi suna a Dutse da nonon shanunta, ga ta tana sayar da tsalar wasu, wani lokaci ma wadda aka surka. Ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo. In na je sai in tarar da ɗan ƙoƙon nan a gefen labule, ta ce da ni, “A ba yaran gida.”

Na gaya wa Zakiyya abin da ya faru a gaban ofis. Ta ce, “Mashkura, bar lallashina. Matar da ta kasa a gaban mutum uku ce za ta faɗa a gaban hamsin?” Na ce ta tambayi duk wanda ta ga dama. Ta tambayi mai gadi, ta tambayi Hajiya Ikilima. Ta dawo ɗaki ta zauna a bayan labulen, tana jira ko wata rana za ta ji da kunnenta. Ta yi ta barin hanya, takan yi kamar ba ta ji sallama ba don a kira ta. Sai dai ta ji an ce, “Ta ciki, ana magana.”

Zakiyya ta rubuta jarrabawarta ta ci. Ita ce mace ta farko daga rugagen wannan yanki da ta gama jami'a, kuma har yau tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan kusa. Bayan sun koma gida, da garke ya dawo daga kudu, sai aka tarar shanun Inna Huseina sun ragu, wasu ciwo ya kashe, wasu an ce sun ɓata. Babbar saniyarta da ta fi so ta ƙi sakar mata nono, sai matar ɗan Baffa ta zo. Ta kira ta da sunanta, saniyar ko waiwayowa ba ta yi ba. Labarin abin da ta yi a gaban ofis kuma ya riga ta isowa, matan ruga suna nuna ta da baki, wai ta yaye mayafi a birni tana kiran sunan 'yar fari. Ba ta sake zuwa Dutse da ƙwarya ba. Damina uku ta ƙara a duniya.

Zakiyya ce ta yi jinyarta. Ta ce mini har daren ƙarshe tana kasa kunne, ko zafin ciwo zai sa uwar ta manta ta kira sunanta. Ba ta manta ba. Ruwa ma in tana so sai ta ce, “A ba ni ruwa,” tana kallon rufin bukka.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, muna zaune a gindin wata tsamiya a bayan ruga, Zakiyya ta kama hannuna ta ce, “Ke kin ji. Ni ce mai sunan, ban taɓa ji ba. Faɗa mini yadda ta faɗa.” Na faɗa. Ta girgiza kai ta ce ba haka ba, in yi da muryarta, da harshenta na Fillanci, yadda take jan ƙarshen magana. Na share hawaye na gyara murya, na kira sunan da ƙarfi yadda na ji shi a ranar, har shanun da ke kusa suka ɗago kai.

Zakiyya ta sunkuyar da kai ta ce, “Na'am, Inna.”